Takardun da Na Ɓoye a Aljihun Tebur

Shekarata ashirin da huɗu a lokacin, kuma ni ce sakatariyar manaja a wani kamfanin sarrafa hatsi da abincin dabbobi mai hedikwata a Jimeta. Ni mai shiru ce, mai yawan tunani. Kullum da safe nakan shiga Keke daga Adarawo, littafin waƙoƙina a jaka, ina kallon hanya ina harhaɗa baitoci a zuci. Manyan wuraren aikin da iyayenmu suka sani sun riga sun rufe ɗaya bayan ɗaya, namu ne ya rage da sauran ƙarfi. Hatta masu abinci da masu shayin bakin ƙofa da jiniyarmu suke auna lokaci.

A shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Yola, zaman gari ya zama na ɗar-ɗar. Ko tayar mota ce ta fashe, sai ka ga kasuwa ta watse. Oga ya tara mu ya ce kamfani ba ya zuwa ko'ina, duk wanda ya gudu kada ya dawo. Bayan kwana uku ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya aike ni wurin masu buga takardu in karɓo sabbin takardun wasiƙa na kamfani. A cikin Keke na buɗe ƙunshin. Tambarinmu ne a sama, amma adireshin na Abuja ne. Da na dawo ya ga fuskata, sai ya ce nan da wata biyu za a kwashe hedikwata, a rufe injina, mutane kaɗan za a tafi da su. Ya ce sunana yana ciki, muddin bakina ya yi shiru. Na zuba takardun a aljihun tebur, na ɗora littafin waƙoƙina a kai. Ba zan yi ƙarya ba, a ranar na yi mafarkin Abuja ido biyu.

Akwai wata mata a sashen gwajin hatsi, Kirista daga wajen Numan, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Adda nake kiranta, wato yaya, ita kuma ta raɗa min suna Malama Mai Waƙa. Tare muke cin abincin rana, tana tsokanata wai duk wanda ya aure ni baiti zai riƙa ci maimakon tuwo. Tana da takardar koyarwa, kuma a makon da na ɓoye takardun ne wata makaranta a garinsu ta ba ta aiki, aka ce ta ba da amsa kafin Juma'a ko a bai wa wani.

Ranar Alhamis ta shigo ofishina ta zauna a gefen tebur, gwiwarta tana taɓa aljihun nan. Ta ce albashin makarantar bai kai na nan ba, amma zuciyarta ba ta kwanta ba, ta ga ana ɗaure fayil-fayil a kwalaye wai za a yi fenti. Ta ce ni ce kunnen Oga, in dubi Allah in dubi marayunta in gaya mata, ta zauna ko ta tafi. Tana magana ta miƙa hannu za ta jawo aljihun ta ɗauki biro, kamar yadda ta saba. Na danne shi da ƙarfi har ta firgita, ta yi dariya ta ce ko wasiƙar saurayi ce a ciki. Na ji tarin Oga ta bayan ƙofa. Na ce mata ban ji komai ba, fenti ne kawai. Ta dafa kafaɗata ta ce tunda ƙanwarta ta faɗa, magana ta ƙare. A gabana ta kira makarantar ta ba su haƙuri.

Da lokacin rufewa ya yi, ni na buga takardun sallama, a kan sabbin takardun nan. Har da tata. Ranar da aka raba su ban fito cin abinci ba. Na tafi Abuja, kuma ban cika shekara ba aka ce an rage ma'aikata, na dawo gida da akwatina.

Bara na gan ta a kasuwar Jimeta tana sayar da wake da gyaɗa a mudu, gashinta ya yi fari. Babbar 'yarta, wadda take son karatun jinya, ita ke taya ta awo. Na tsuguna na faɗa mata komai ina kuka. Ta bari na gama, sannan ta ce ta sani tun ranar da ta karɓi takardar, domin ƙamshin turarena ne a jikin takardar, irin na abin da ya daɗe a ajiye. Ta ce ba ta nemi in tona asirin kowa ba. Da na ce mata Adda ki tafi, ko ban faɗi dalili ba, da ta tafi. Ta ce ta yafe, ta cika min leda da gyaɗa, ta ƙi karɓar komai.

Yanzu ciyawa ta rufe harabar kamfanin, awaki ke kiwo a inda muke cin abinci. Na ɗauka shirun da na yi riƙon amana ne, ashe kujerata nake karewa. 'Yan'uwana masu aiki kusa da manya, ku kula. Kamfani yana iya naɗe tabarmarsa ya bar gari, ya kuma bar ku daga baya, amma mutanen da kuka ci abinci tare suna nan, za ku haɗu a kasuwa. Idan wani ya ɗora rayuwar 'ya'yansa a kan amsarku, ko ba za ku iya faɗin gaskiya duka ba, kada ku ce masa fenti ne.