Tagogin ɗakin Inna

Awon fili nake yi a Malanville, sana'ar da duk wanda ka yi wa aiki yake ganin an saye ka, sai dai in shi ya ci.

Shekarar da kogi ya cinye gidaje a wajen Madécali, wani Alhaji mai fataucin albasa ya ɗauke ni in fitar masa da iyakar filinsa. Maƙwabcinsa ɗan ƙanen mahaifinsa ne, manomin shinkafa. Ruwa ya rushe ɗakin tsohuwar manomin, yana son ya gina mata wani a kan tudun da ke tsakaninsu. Tudun nan shi ne rigimar.

Na'ura biyu nake aiki da su, duka suna sauraron taurarin ɗan'adam. Ɗaya nakan kafa ta a kan turken siminti na gwamnati wanda aka san lambobinsa, ɗayar in zagaya da ita. A biro, wato ofishina, sai kwamfuta ta haɗa lissafi. Lissafin ya fito tsaf, tudu ya faɗo wajen manomi. Amma ba na sa hannu sai na aika abin da na'urar turke ta naɗa zuwa wani shafin intanet, wanda ke gano inda ta tsaya ba tare da ya yarda da turken kowa ba. Ranar babu rezo, intanet ta ɗauke. Manomi ya leƙo biro, ya ga zane, na ce masa da saura. Ko ji bai yi ba, ya fita yana rabon goro.

Da amsa ta zo, ta ce turken ya kauce daga wurinsa fiye da faɗin ɗaki. Na hau babur na koma ina tambaya. Ashe da ruwa ya taso, mutanen gari ne suka tono shi suka dasa a gaba, don kada kogi ya tafi da kayan gwamnati. Har farar ƙasa suka shafa masa. Suna ba ni labari suna jiran in yi musu godiya. Na gyara lissafi, tudu ya koma na Alhaji gaba ɗaya.

Manomi na fara gaya wa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Jiya mashin ɗinka ta ce nawa na, yau ta ce nashi na. Mi anka ba ta ta ci?"

Na ji zafin maganar ƙwarai. Na nuna masa amsar a waya, ya ture hannuna ya koma kwaɓa ƙasa. Taurin kai irin nasa ban taɓa gani ba.

Alhaji kuwa ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, "Madalla. Bar shi shi yi aikinai."

Na ɗauka zumunci ne, har na yaba masa a raina. Kullum ya wuce sai ya tsaya: "Sannu da aiki, ƙanena." Ya ara masa amalanke ta ɗaukar bulo. Tsohuwar tana da ciwon ƙirji, numfashi na yi mata wuya, sai ɗan ya fasa manyan tagogi gabas da yamma. Alhaji ne ma ya ce a ƙara musu faɗi saboda Inna. Na sake zuwa na roƙi manomi ya dakata, ya kore ni da cebur.

Ranar da aka kafa kwano na ƙarshe, Alhaji ya zo da takarduna da jandarma. Aka kira ni in tabbatar, na tabbatar, don gaskiya ce. Tsohuwar tana zaune a kan ƙullin kayanta a bakin ƙofa, ba ta ko shiga ba.

Manomi ya ce, "Yaya, Inna ta fa. Ita ta goye ka."

"Na sani. Ba ni rushe shi, kak ka damu."

Bai rushe ba kuwa. Aka kai Inna wata bukkar zana a bakin fadama, inda danshi ke tashi, kafin damina ta ƙare ta rasu.

Da kakar albasa na bi ta wurin. Ɗakin cike da buhuna har rufi. Alhaji ya kira ni, ya nuna mini tagogin yana murmushi.

"Ka gani, malam? Iska na shiga ta ko'ina. Bana ko guda ba ta ruɓe ba."