Ruwan Shuka Ya Same Ni a Kan Keke

Har yau in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, mutumin nan nake tunawa, raina kuma ya ɓaci. Manajanmu ne a wani kamfanin ɗinkin kayan makaranta a Birnin Kudu, ɗan birni mai baƙar magana, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Mu kuwa da ke kan kekunan ɗinki yawanci 'ya'yan manoma ne, wasu daga Wurno, wasu daga Dingaya, ni daga Kwandiko.

Masu cewa ƙarancin albashi ne kaɗai ke sa tela tunanin barin kamfani ba su zauna a cikinmu ba. Ciwon baya mun saba da shi, zafin kwano ma haka. Damina ce ke tayar mana da hankali. Da hadari ya haɗu, sai ka ga ƙafar kowa tana kan keke, idonsa yana taga.

A wata shekara idon Baba ya yi rauni, kuma ni kaɗai ne ɗansa namiji. Baffa, ƙanensa, ya daɗe yana zagaya gonarmu ta bakin rafi, wai a ba shi aro tunda ba mai nomawa. Kowa a garinmu ya san aron gona a hannun ɗan'uwa. In ya zuba iri sau ɗaya, fitar da shi sai an ɓata zumunci, Baba kuwa ba zai taɓa kai ƙanensa gaban dagaci ba.

Ruwan shuka ya sauka, na je ofis na rusuna.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake roƙo, in je gida in yi shuka in dawo."

Ko kai bai ɗago ba. "Gonar guduwa za ta yi? Bari mu gama wandunan nan tukuna. Ka tashi daga keken nan, kafin kujerar ta huce wani ya hau."

Wai gonar guduwa za ta yi. Kai, Allah ya sawwaƙe. Laimar ƙasa ce ke gudu, ko akuyar gidanmu ta san wannan. Wallahi saura kaɗan in ajiye masa almakashinsa a kan tebur. Sai na tuna matata da goyo, na koma na zauna. Na tsane shi ranar, kuma ban daina ba.

Sai da aka gama wandunan na hau motar Gwaram. Ban shiga gida ba, gona na wuce. Gero ya tsiro layi-layi, kore shar. Baffa yana ciki da 'ya'yansa suna noman farko. Ya ɗago, ya share gumi.

"A'a, tela, sannu da zuwa. Bi ta gefe, kada ka taka min shuka."

Ranar Litinin na koma kan kekena, don yanzu ba ni da wurin zuwa. Manaja ya wuce ta bayana ya ce, "To, ta gudu?"