Ranar da Na Sari Surin Baba Tsoho

Wata safiyar Talata ce a tsakiyar damina, ina aji huɗu na firamare, shekara uku da ba mu jihar Jigawa, na tsaya a gaban surin da ke gonar kakana a ƙauyenmu na bayan Dutse, gatari a hannu. Aikina a gida ba mai wuya ba ne. Kakan nan nawa, da muke kira Baba Tsoho, ya sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin kuwa ba abin da ke raya su kamar gara. Kullum da yamma sai in cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, in yayyafa ruwa, in kife ta a gindin surin, da sassafe in ɗauko ta maƙil da gara in juye musu. To, ranar Litinin wasan langa ya ɗauke mini hankali har aka kira magariba, ban kife komai ba. Ga 'yan tsaki suna ta kuka tun asuba.

Wayon yarinta ya ce mini ai garar tana ciki, me zai hana in fasa in ɗebo? A sara na biyar gefen surin ya rufta. Wata iska mai ɗumi da laima ta bugi fuskata, kamar na buɗe bakin dabba mai numfashi. Na kwashi abin da na kwasa, zago, manyan garar nan masu cizo, suka manne mini a yatsu, na ruga gida. 'Yan tsaki sun ƙoshi, ni kuwa sai a hanyar makaranta na gane ɓarnar da na yi. Surin nan Baba Tsoho tare da gonar ya gaje shi, ko garma ba ya bari ta matsa kusa, kuma dawar da ke kewaye da shi ta fi ta ko'ina zangarniya. Babu wani surin a kusa. Idan ya mutu 'yan tsakin za su bi shi, ni ne kuma na kashe. Da hadari ya haɗo muna cikin aji, sai na riƙa hango ruwa yana kwarara cikin ramin da kaina zai iya shiga. Malamin lissafi ya yi mini bulala biyu kan rashin saurare, ko zafinsu ban ji ba.

Ana tashi na miƙe gona da gudu. Na tarar da Baba Tsoho a tsugune, gatarin da na manta yana gefensa. "Sarkin rusau, ka zo duba aikinka?" ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. Na leƙa. Ramin ya koma bai fi tafin hannuna ba. Ɗanyar laka mai duhu ta cike shi daga gefe-gefe, gara tana ta fitowa kowace da 'yar ƙwayar ƙasa a baki, ta ajiye ta koma, zago sun yi kawanya suna gadi.

"Baba, wa ya sa su?" na tambaya.

"Kai da ka yanke da lauje bara, wa ya ce wa fatarka ta haɗe? Suri jiki guda ne. Duk ƙasar nan ma haka Allah Ya yi ta. Gara ta ci kara ta mai da shi ƙasa, zabi su ci gara, kashinsu ya koma gona. Tana gyara kanta, in dai ba a fi ƙarfinta ba." Bai dake ni ba. Cewa ya yi in je in haɗa tukunya tun da sauran rana.

Yau gonar ta zama filaye, Dutse ta haɗiye ƙauyenmu, katafila ta share wurin cikin wuni ɗaya. Wannan ramin babu mai toshe shi. Bara gara ta ɓullo a bangon ɗakina a unguwar Limawa, ta cinye mini littattafai biyu, matata ta kira mai feshi. Ban hana ba, amma waje na fita na tsaya har ya gama.