Tagar da Inna ta toshe

Assalamu alaikum. Masu tambayar inda na shige tun kakar albasa, ga ni, da raina. Tarin fuka na yi.

Ya fara ne ina shekarar ƙarshe a jami'a, a Aliero. Aikin da nake rubutawa a kan wani ɗan harshe ne na na'urar gwajin cuta, wanda gashin kai ya fi shi kauri. Ana manna masa zaren DNA guda. In abokin zaren yana cikin abin da ake gwadawa, sai su manne, harshen ya ɗan lanƙwasa, a gane cutar da ake nema tana nan. A takarda kawai na san shi, ban taɓa ganinsa ba.

Ina wannan rubutu ina tari. Kowa ya ce ƙurar albasa ce, don a Aliero ko tuntuɓe ka yi albasa za a ɗora wa.

Sai zazzaɓi da rama. Aka mai da ni gida Maiyama.

Inna, mahaifiyata, ta ware mini ƙwarya da ludayi, ta toshe taga da buhu, ta dawo da tabarmarta ɗakina.

"Iska ka ƙara miki ciwo, ɗiyata," in ji ta.

A asibitin Jega an duba majinata a madubin likita, ba a ga komai ba. Kuɗin mota ya ci albasar Baba, ni kuwa ina ta ƙarewa. Daga baya aka aika majinar gwajin DNA. Ba irin na'urar da nake karantawa ba ce, amma dabarar 'yar'uwarta ce: zare ya nemi abokinsa. Ya kuwa same shi.

Likita ta tambayi inda nake kwana. Da Inna ta gaya mata, sai ta ajiye biro.

"Inna, ba ƙwarya ke ɗaukar shi ba, numfashi ne. Ke ma sai an gwada ki."

"To ni da nit toshe tagar, mi ni yi ke nan?"

Ranar na ji tsoron da ban ji wa kaina ba. Duk tarin da na yi a ɗakin nan, ita ta shaƙa. Ina haɗiyar magani kowace safiya, fitsarina ya koma ja, amma kunnena yana kan ƙirjinta. Ko gyaran murya ta yi sai na juyo na dube ta.

Sakamakonta ya zo, babu komai. Na yi kuka har ta ce, "Ke, lahiya anka ce, ba mutuwa ba!"

Na gama magani, an sallame ni. Alhamdu lillahi. Na gode wa likitocina da duk wanda ya yi mini addu'a.

In tari ya ƙi tafiya, ku je asibiti. In an ce ba a ga komai ba kuma ba ku warke ba, ku koma ku nemi gwajin DNA. Ku buɗe wa majinyaci taga, ku kai mai jinyarsa gwaji.

Buhun nan Inna da kanta ta cire shi. Yau da safe ƙwarya ɗaya muka sha fura.