Ƙaramin Fayil ɗin da Na Raina

Har gobe ba zan manta da wata Alhamis ba, a shekarar da aka cire mu daga jihar Kano aka ba mu sabuwar jiha. Lokacin ina akawu mai kula da takardun malaman firamare na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Bayanansu duk suna cikin wata kwamfuta a Kano, kuma an ba mu zuwa Juma'a mu kwashe namu, don ranar za a goge na'urar a ba wani sashe. Malamin da tarihin aikinsa bai iso sabuwar jiha ba kuwa, sai dai a ɗauke shi kamar jiya ya fara.

Oga ya ce a buga komai a takarda, mu sake shigarwa ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da na'urar, Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, ta ce wannan aikin wata biyu ne. Ta nuna mana cewa kwamfuta a cikin fayiloli take ajiye bayanai. Idan aka rufe aikin, aka kwafe fayilolin kansu a faifai, aka juye a sabuwar na'ura, za su buɗe yadda suke. Ranar Laraba ta ƙirgo mini faifai biyar, ta tafi taro.

Na duba, na ga fayil biyu masu suna ɗaya, babba da ƙarami. Mu a ɗakin ajiyar takardu, in ka ga haka, ƙaramin na wucin gadi ne, wanda ake buɗewa idan babban ya maƙale a teburin oga. Ba mai ɗaukarsa. Na kwafi babban a faifai huɗu, na ajiye mata na biyar, na kamo hanyar Kazaure ina jin kaina injiniya.

Da safiyar Alhamis muka juye. Na'urar ta ɗan yi ƙorafi, na danna ta wuce, sunaye suka fito reras. Sai ga Malam Sule, wani dattijon hedimasta daga Roni, ya roƙa a nuna masa nasa. Sunansa na nan, amma gurbin ranar kama aiki, ƙarin girma da canjin makaranta fayau. Na duba na wani, haka. Dattijon bai yi faɗa ba, tambayata kawai ya yi a hankali ko shekarunsa ashirin da takwas sun tafi ke nan.

Ina cikin laluben abin da zan gaya wa oga, wajen azahar, sai ga Madam Rifkatu ta sauko daga motar haya. Ashe da ta ga faifan da na mayar babu komai a ciki, nan take ta gane ɓarnar da na yi, ta kwafi ƙaramin, ta biyo ni da kuɗin motarta. A gaban oga ta miƙo mini, ta ce, "Malam Habu, ka bar wannan a teburina." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Muka juye, tarihin Malam Sule ya fito cif.

Daga ranar na koyi cewa fayilolin bayanai tare ake ɗaukarsu, kuma ba a goge tsohuwar ajiya sai an buɗe sabuwa an gani da ido. Na kuma gane cewa a aikin nan akwai masu gyara maka kuskure su haɗa da rufa maka asiri. Oga har ya yi ritaya yana yaba mini wannan aiki, ni kuwa duk sanda ya yaba, ita nake yi wa addu'a.