Layun da ke Gindin Bindigar Waliyyu

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Katanga ya san Waliyyu. In bai san fuskarsa ba, ya san ƙarar bindigarsa. Tun yana da sauran ƙuruciya manoman albasa suka haɗa kai suka sa wani maƙeri a Jega ya ƙera ta, doguwa, mai cin harsashi ɗaya, suka damƙa masa don ya tsare musu gadu, aladen dajin nan da ke tone fangali da hanci ya bar mutum da jajayen idanu. Bindigar gari ce, amma ta daɗe a kafaɗarsa har mutane sun manta da haka. Shi ma ya manta.

Gadu ba ya bari a matso shi. Iska kaɗai zai shaƙa ya ɗaga wutsiya ya bi ciyawa. Sai dai a harbe shi daga nesa, kuma a nan Waliyyu ya yi suna. Yakan durƙusa a wannan bakin fadama, ya kwantar da kunci a gindin bindiga, ya daidaita ɗan tsinken ƙarfen da ke bakinta da tsagin da ke baya, sai kawai a ga ƙura ta tashi a can ƙetare. Bai iya surutu ba, ba shi da kirari irin na sauran maharba. Idan ya kayar da dabba sai ya aika a gaya wa mai gona ya zo ya ja abinsa ya binne, shi kuma ya nufi gida.

Wata shekara ya hau saman motar albasa daga Aliero, taya ta fashe a hanyar Maiyama, ya faɗo tare da buhuna. Kafaɗarsa ta dama ta karye. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya kama, sai dai wuyan ya sage ta wannan ɓangare, ba ya sunkuyawa kamar da. Waliyyu ya gode wa Allah ya koma daji.

Daga nan bindiga ta canza hali. A kusa ba ta da laifi, inda ya nuna nan take bugu. Amma da zarar abu ya yi nisa sai harsashi ya kauce hagu, ya ɗan yi ƙasa. Kullum hagu, kamar akwai wani a tsaye yana janye shi da igiya. Maharba suka zauna suka duba zancen. Da ido ne ya mutu, ai da ko'ina zai riƙa kuskure. Wannan kam an ɗaure bakin bindiga ne. Aka haɗa shi da wani malami a Alelu, ya karɓo laya, baduku ya ɗinke ta a gindin bindigar, daidai inda kunci ke kwanciya, don an ce sai tana taɓa fatar mai ita za ta yi aiki. Harsashi ya ƙara yin hagu. Ya karɓo wata. A hankali gindin bindiga ya yi tozo da layu, shi kuma ya koyi wata dabara da bai gaya wa kowa ba: idan gadu yana nan, sai ya nuna can dama da shi, ya ɗan ɗaga sama. Wani lokaci a dace, sau da yawa gadu ya yi tafiyarsa.

Bana manoma suka gaji. Suka kai kuka wurin Sarkin Baka, shugaban maharban yankin, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko za a kafa tsohuwar tasa a ƙetaren fadama. Waliyyu zai harba, Hamidu ma zai harba, wani magidanci da ya daɗe yana bin farauta da guntuwar bindigarsa. Wanda ya samu, bindigar gari tana hannunsa.

Ana gobe Juma'a da hantsi Waliyyu yana zaune a tsakar gida yana shafa wa ƙarfen mai, matarsa Rakiya tana tankaɗe.

“Malam, wai in sun karɓe ta mi za a yi? Ka huta mana. Kullum kana shigowa da ƙaya ga ƙahwa, ni ka cire maka.”

“In na aje ta, wa ni ke?”

“Kai ne dai mai gidan ga. Ko sai da ƙarfe ni ka gane ka?”

Waliyyu ya saɓa bindiga ya fita bayan gari don ya gwada hannu.

A can ya tarar da Ɗanlami magini, taubashinsa, yana ɗora bulo a wani kango. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

“A'a, dodon gadu. Na ji yanzu in sun hango ka har shimfiɗa su ka yi su kwanta.”

“Kai dai gina abinka, damina ta zo ta rushe.”

Waliyyu ya zaɓi wani kututturen giginya a nesa, ya durƙusa. Ɗanlami ya sauko daga kan katako ya tsaya a bayansa yana goge hannu a riga. Aka ji ƙara, ƙasa ta tashi hagu da kututturen.

“Sake ɗaga ta. Kak ka harba, riƙe kawai,” in ji Ɗanlami.

“Mi kaka nema?”

“Riƙe dai, tsoho.”

Ya zaro zaren da yake duba miƙewar bango da shi, mai ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙarshe, ya zagayo gefe ya sake shi a gaban bakin bindigar. Zare ya yi lilo ya tsaya cak.

“Dubi zaren ga, dubi ɗan tsinken bindigarka. Wa ad daidai cikinsu?”

Waliyyu ya duba. Zaren ya sauko sak daga sama. Tsinken kuwa ya jingina hagu, kamar mai jin barci a sahu.

“Zarenka ya karkace.”

“Zare ba ya karkata, taubashi, ko a gaban alƙali. Wuyanka ba ya zuwa wurin bindiga, sai kai ka kwanto ta zuwa wurin idonka. Ga kuma tulin layun ga sun tokare maka kunci, sun ƙara ture ka. Da bangona ne haka, da mai gida ya kore ni tun ga tushe.”

Waliyyu ya sauke bindigar a hankali ya zauna a kan bulo. Ba sai an ƙara masa bayani ba. Ya tuna abin da maƙerin Jega ya nuna masa ranar da ya karɓe ta: harsashi yana faɗuwa in ya yi tafiya, saboda haka an ƙera ta yadda bakinta ke ɗan kallon sama da inda ido ya nuna, don ya hau ya sauko daidai. To in ka kwantar da ita gefe, wannan hawan ai gefe zai tafi. A kusa ba a gani. Nisa ke buɗa shi.

“To ba kowa ya ɗaure ta ba ke nan,” ya faɗa, kamar da ƙasa yake magana.

“Wa ka da lokacinka? Mutane na ta shayi.”

Ya daɗe yana juya layun da yatsa. Akwai mutanen da ya daina gaisarwa da sakin fuska saboda zargin su suka ɗaure ta, har da shi Hamidu. Ya ari wuƙar Ɗanlami ya bi ɗinkin yana yankewa, ya zuba su a aljihu, don ba a yar da sunan Allah a ƙasa. Itacen da ke ƙarƙashi ya fito fari, sabo, kamar ba a jikin tsohuwar bindiga yake ba. Ya sake ɗaga ta, Ɗanlami na riƙe da zare. Kafin tsinke ya miƙe sai da ya matsa wuyan har jijiya ta amsa masa a tsakiyar baya. Harsashi ɗaya ya rage masa na gobe, bai harba ba.

Juma'a aka sauko, mutane suka yi cincirindo a gindin tsamiyar bakin fadama. An kafa tasa a can jikin wani itace, rana na walƙiya a kanta. Sarkin Baka ya nuna Waliyyu da sanda.

“Babba shi ka farawa.”

Ya durƙusa. Gwiwa ta yi ƙara, wani ya yi dariya aka harare shi. Ya kwantar da kunci a kan farin itacen, ya danne wuyan har hawaye ya taru masa a ido. Tsinke ya tsaya sak. Ya ja numfashi ya taɓa kunamar bindiga.

Ɓawo ya tashi a jikin wata bishiya, dama da tasar, sama kaɗan.

Waliyyu bai tashi ba, yana kallon tabon. Ya san wurin sarai. Nan hannunsa ya saba kai bindiga duk shekarun nan don ya biya bashin hagu, kuma yau ma can ya kai ta ba da saninsa ba.

Hamidu ya karɓi bindigar, aka ɗura masa. Ya harba, tasa ta yi ƙara ta wuntsula. Bai yi murna ba, ya tsaya yana sosa ƙeya.

“Baba, ko a sake maka? Yau hannu ne kawai.”

“A'a. Inda na aike ta nan tat tahi.” Ya miƙe da ƙyar, ya dafa gindin bindigar a hannun Hamidu. “Lahiyarta lau. Kak ka ɗinka mata komi nan. In ka ga ta fara kauce maka, tahi wurin Ɗanlami ya ara maka zare.”

Sarkin Baka ya fara wani jawabi na yabo, amma Waliyyu ya riga ya bi hanyar gari, kafaɗar dama a ƙasa, hannu yana neman igiyar bindigar da ba ta nan. Ɗanlami ya cim masa wajen rumbunan albasa, suka jera.

“Ina neman mai miƙo bulo,” in ji Ɗanlami can.

“Da wagga kafaɗa?”

“To riƙe min zare. Ko shi ma za ka kwantar da shi?”

Waliyyu ya yi ɗan murmushi. A gida Rakiya ta dubi kafaɗarsa, ta dubi fuskarsa. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ya ciro layun daga aljihu ya miƙa mata ta sa a ƙasan akwati, sannan ya kwanta ta ɓangaren da ba ya ciwo.