Kwalaben Giyar Zuma a Ƙarƙashin Teburin Nelida

Lisandro Huenchul bai taɓa dafa giya ko cokali guda ba a rayuwarsa. Sana'arsa gyaran murhun gas, kuma ko a nan ɗin danginsa sun fi son kai wa wani. Amma a El Bolson, garin da kowane gida na uku ke da tukunyar giya a bayan ɗaki, babu mai buɗe sabuwar kwalba hankali kwance sai ya ji abin da Lisandro ya ce.

Duk ranar Alhamis da la'asar masu dafa giya kan taru a rumfar bayan kasuwa, kowa da tasa kwalbar. Lisandro zai cusa hancinsa cikin kofi har girarsa ta jiƙe, ya rufe ido, ya bar mutum tsaye yana zufa. Ya taɓa ce wa wani giyarsa na warin jiƙaƙƙen kare, mutumin ya sayar da tukwanensa ya koma kiwon zomo. Shi ke gaya wa mutane su sha baƙar giya in sanyi ya sauko daga dutse, mai ɗaci in za a ci nama mai kitse, mai 'ya'yan itace kuwa ya ce ta waɗanda ke son sha ne amma suna tsoron uwarsu. Shekara ashirin yana wannan mulki. Matarsa Zulma kan ce da hancin yana kawo abinci gida da tuni sun yi ƙiba.

Sai ga Teobaldo, mai kiwon ƙudan zuma, mutumin da in ya yi magana uku a yini to ya yi surutu. Ya dafa giyarsa ta farko da zumarsa, ya kira Lisandro a watan Disamba ya ɗanɗana daga durom. Lisandro ya kurɓa, ya ji zaƙi ya bi masa maƙogwaro, ya rantse bai sha irinta ba tun da aka haife shi. Teobaldo ya ce a ganinsa ba ta gama tsimuwa ba, har yanzu tana ɗan fitar da kumfa, yana so ya ƙara mata kwana goma.

“Kwana goma ka kashe ta,” in ji Lisandro. “Wannan zaƙin shi ne ranta. Ɗura ta a kwalba yau, malam, ni na gaya maka.”

Teobaldo ya ɗura. Lisandro kuma ya zarce gidan yayarsa Nelida, wadda ke shirin walimar baftismar jikarta ta fari, ya hana ta sayen giyar kanti. Akwaku huɗu aka kai mata ranar Juma'a, aka tura su ƙarƙashin dogon tebur a rumfar kwano, a tsakiyar zafin Janairu, don a can lokacin bazara ke nan.

Ranar Lahadi da safe, mutane sun tafi coci, Lisandro na gugar rigarsa, sai ya ji kamar an harba bindiga a kicin. Ya tarar da Zulma tsaye, tana kallon ƙofar kabad. Ɗaya daga cikin kwalabe biyun da Teobaldo ya ba shi kyauta ta tarwatse, gilashi mai tsawon yatsa ya nutse cikin katako. Ɗayar na nan tsaye, murfinta ya kumbura kamar ƙurji.

Ba sai an yi masa bayani ba. Zaƙin da ya yaba zuma ce da yisti bai gama ci ba. An rufe su tare a kwalba, yistin ya ci gaba da cinsa yana cika ta da iska, zafi na zuga shi. A gidan Nelida kuma irin wannan kwalbar har tamanin ne, a daidai inda yara ke rarrafe.

Zulma ta ce ya kira yayarsa yanzu ya faɗa mata gaskiya. Ya ce wayarta a kashe take a coci. Ta ce to ya je ya faɗa da bakinsa. Ya ce zai je, amma ba sai an tara masa jama'a ba, zai ce giyar na son sanyin rafi, ya kwashe ta a hankali, ba wanda zai sani.

“Sunanka kake lallaɓawa,” ta ce, “ga idon 'ya'yan mutane can.”

Da suka isa shi da Zulma, ashe an riga an dawo daga coci. Rago biyu na gasuwa a gefen wuta, kwanon rumfa ya ɗauki zafi har yana ƙara. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Yara biyar ne a ciki suna wasan gida, wata 'yar shekara huɗu na zaune a kan akwaku tana dukan gefensa da dunduniya. Ya kira su da murmushin da bai kai ido ba, ya ce akwai alewa a wurin gwaggo Zulma. Uku suka fita. Biyu suka ce su sun ƙoshi.

Ya jawo baro, ya ɗaga akwakun farko kamar mai ɗaukar jariri. Bai yi taku biyar ba Nelida ta tare shi, hannu a ƙugu, tana tambayar inda zai kai mata giya. Ya ce rafi, Yaya, wannan ba a shanta da ɗumi. Ta ce shekaranjiya shi ya ce mata sanyi na ɓoye ƙanshin zuma. Ya ce wancan shekaranjiya ne. Mijinta Romualdo ya taso daga wurin nama yana dariya, ya ce suruki dai so yake ya kai rafi ya shanye shi kaɗai, a bincike shi.

Can gefe Teobaldo na tsaye cikin sabuwar riga, mata na yi masa barka tun ba su sha ba, shi kuma yana murmushin da ba a taɓa gani a fuskarsa ba. Idonsa ya sauka kan akwakun da ke baro, ya ga murafen sun kumbura. Murmushin ya tafi. Ya dubi Lisandro. Lisandro ya gane cewa in ya ce sabon hannu ne ya yi kuskure, kowa zai yarda, Teobaldo kuma zai sunkuyar da kai ya karɓa.

Yana cikin wannan tunanin Romualdo ya miƙa hannu ya zaro kwalba. Ya girgiza ta sama yana cewa bari su ga abin da ake ta yi wa kirari, ya kai murfin bakinsa, don shi da haƙori yake buɗewa tun yana saurayi. Jaririyar da aka yi wa baftisma na hannun uwarta, taku biyu daga gare shi.

“Romualdo, ajiye ta,” Lisandro ya ce. Muryar ba tasa ba ce. “A hankali. A kan ciyawa. Ka ja baya.”

Romualdo ya tsaya da baki buɗe.

“Za su fashe ne, dukansu. Ɗaya ta fashe a gidana ɗazu. Teobaldo ya ce ba ta nuna ba, ni na sa shi ya ɗura. Na ji zaƙi na ɗauka daɗi ne, ashe ban san abin da nake sha ba. Yaya, fitar da yaran.”

Nelida ta durƙusa ta jawo yaran biyu ta ƙafa. Romualdo ya ajiye kwalbar kamar mai ajiye ƙwai, ya yi baya har ya taka kare.

Zulma ce ta kawo barguna. Lisandro ya lulluɓe akwakunan, ya sa tabarau ɗin da yake aiki da shi, ya tura baro zuwa rafi sau huɗu, jama'a sun dare masa hanya ba mai tsokana. A tafiya ta uku kwalabe biyu suka tashi ƙarƙashin bargo, amma bai saki baron ba. Wadda Romualdo ya girgiza ta fashe ita kaɗai a ciyawa, bayan an kife mata bokiti, bokitin ya yi tsalle.

Aka ci rago da ruwan inabin kwali da wani ya ruga ya sayo. Ba wanda ya tambayi Lisandro ko ya dace da naman. Nelida ta kawo masa faranti a bakin rafi, ta ce in ya gama ci ya bi hanyar baron nan taku-taku ya tsince mata duk wani gilashi, don yaran nan ba sa zama da takalmi.

Ana can ana kiɗa, shi yana rarrafe a ciyawa da tsohon gwangwani, rigar da ya goge ta manne masa a baya. Ya ji mutum ya durƙusa kusa da shi. Teobaldo ne, ya naɗe hannun sabuwar rigarsa. Suka ci gaba da tsinta tare.

“Na duba nan,” in ji Teobaldo. “Koma ta wajen bokiti.”